Ruwan Haska Hoto da Gwajin Fata: Abin da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani



Duk wanda ya tsaya a tashar Sofoline da sassafe zai ga motoci suna kwararowa daga Abuakwa da Kwadaso da hanyar Sunyani, sun nufi tsakiyar Kumasi. A cikin fasinjojin ba a rasa masu riƙe da jakar leda cike da takardun asibiti, domin hanyar ce ke kaiwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda jama'a suka fi sani da suna "Gee", wato sunan kamfanin da ya gina shi a shekarar 1954. Tun 1975 ya zama asibitin koyarwa, kuma can ake turo marasa lafiya daga Asante da jihohin arewa idan cuta ta gagari ƙananan asibitoci.

Da yawa daga waɗannan takardu hoton cikin jiki suke nema, kuma a wasunsu likita yakan ƙara da cewa a yi hoton tare da allurar wani ruwa da ma'aikatan asibiti ke kira kwantiras. A nan za mu kira shi ruwan haska hoto. A kan wannan ruwa ne tsoro ya yi yawa a gidajenmu, daga Sofoline har Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Wani ya ji an ce yana kisa, sai ya naɗe takardarsa ya koma gida. Wata kuma ta nace sai an gwada shi a fatarta kafin ta yarda. Akwai kuma wanda ruwan ya taɓa tayar masa da borin jini na gaske, amma da aka tambaye shi sai ya yi shiru, don kada a ɗaga masa ranar da ya daɗe yana jira. Dukkansu suna cikin hatsari, kuma abin da zai fitar da su ɗaya ne: sanin wanda ake yi wa gwajin fata, da lokacin da ake yin sa, da kuma abin da gwajin yake bukata daga wurin iyali.

Mene ne wannan ruwa?

Tun da Wilhelm Röntgen na ƙasar Jamus ya gano hasken eksire a 1895, likitoci suka lura cewa ƙashi yana fita sarai a hoto, amma jijiyoyin jini da ƙoda da hanji sai su haɗe su zama inuwa ɗaya. Dabarar da aka samo ita ce a zuba wa jiki wani sinadari mai tare hasken, ta yadda duk inda ya bi zai fito fari. Sinadarin ayodin yana da wannan hali, shi ya sa ake ɗaure shi a cikin wani babban ƙwayar magani a yi allurarsa ta jijiya. A 1929 wani likita ɗan Amurka, Moses Swick, yana aiki a Balin, ya nuna cewa ana iya ganin ƙoda da hanyar fitsari ta wannan hanya. Da na'urar siti sikan ta zo, wadda ake rubutawa CT a takardar asibiti, 'yan uwanmu na Nijar da Togo kuma suke ce mata sikana, sai bukatar ruwan ta ƙaru ƙwarai. An fara ɗaukar hoton majiyyaci da ita a Landan a 1971.

Ruwan farko-farko yana wahalar da jiki. Wani likitan ƙasar Suwidin, Torsten Almén, shi ya kawo shawarar sabon nau'i mai sauƙi a 1969, kuma daga farkon shekarun 1980 irinsa ya fara maye gurbin tsohon. Wani babban bincike da aka buga daga Japan a 1990, wanda ya ƙunshi allurai 337,647, ya nuna bambancin: da tsohon ruwa, kimanin mutum 22 cikin 10,000 ne suka sami matsala mai tsanani, da sabon kuwa kimanin 4 cikin 10,000. Wannan sabon nau'i shi ne aka fi amfani da shi a yau. Labaran ban tsoro da dattawanmu ke bayarwa, yawancinsu na zamanin tsohon ruwa ne.

A lura kuma cewa ruwan ba iri ɗaya ba ne. Na hoton MRI ba shi da ayodin ko kaɗan, da wani sinadari mai suna gadoliniyam ake yin sa, wanda aka fara amfani da shi a 1988. Akwai kuma farin ruwa mai kauri kamar koko da ake sha don hoton maƙogwaro da hanji, shi kuma na bariyam ne. Wanda jikinsa ya ƙi ɗaya, ba lallai ne ya ƙi sauran ba.

Abin da ba borin jini ba, da abin da yake shi ne

Idan ruwan ya shiga jijiya, mutane da yawa sukan ji ɗumi ya ratsa su daga wuya zuwa mara, su ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, wasu ma su ɗauka fitsari ya kufce musu alhali babu komai. Wani yakan ji ɗan tashin zuciya. Wannan duk yakan wuce cikin 'yan mintoci, kuma ba shi ne alaji ba. Kuskure ne a fita daga asibiti ana cewa "jikina ba ya son ruwan hoto" saboda wannan kaɗai.

Borin jini na gaske iri biyu ne. Na farko shi ne mai gaggawa, wanda ke zuwa cikin awa ɗaya da yin allurar, galibi ma cikin mintocin farko. Mai sauƙinsa ƙaiƙayi ne da kumburi nan da can kamar cizon sauro. Mai tsananinsa kuwa ya haɗa da kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri, faɗuwar bugun jini har da suma. Maganin mai tsanani allurar adirenalin ce a cinya ba tare da ɓata lokaci ba, shi ya sa ake so majiyyaci ya zauna kusa da ma'aikata kamar rabin awa bayan hoto. Kada gaggawar kama mota ta sa a tsallake wannan zama.

Na biyu shi ne mai jinkiri, wanda ke fitowa bayan awa ɗaya har zuwa kamar mako guda. Yawanci ƙananan ƙuraje ne masu ƙaiƙayi a ƙirji da baya da hannuwa. Da yake a gida suke fitowa, sai a ɗora laifin a kan zafi ko sabulu ko abincin biki, a manta da hoton da aka yi shekaranjiya. Yawancinsu sukan warke da kansu ko da ɗan magani, amma idan fata ta fara salewa, ko baki da idanu suka yi gyambo, ko zazzaɓi ya biyo baya, to a koma asibiti a ranar.

Batun ayodin da jatan lande

Akwai maganar da ta yaɗu har a bakin wasu ma'aikatan lafiya, cewa wanda jatan lande ko ƙaguwa ko kifin teku ke tayar wa da borin jini, to ayodin ne jikinsa ba ya so, don haka ruwan hoto zai cutar da shi. Masana sun daɗe da watsar da wannan magana. Ayodin yana cikin jikin kowane ɗan Adam, da shi ƙullin maƙogwaro ke aiki, kuma rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, shi ya sa ake sa shi a gishirin da muke miya da shi kullum. Abin da ke tayar da bori a jatan lande wani sinadari ne na naman halittar, ba ayodin ba. Haka nan wanda jan maganin wanke ciwo ya ƙona wa fata, wannan ba hujja ba ce cewa ruwan hoto zai dame shi. Abin da jiki ke ƙi a ruwan haska hoto shi ne ƙwayar maganin da kanta, kuma kowane kamfani da irin tasa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan aka rubuta wa mutum "ba ya son ayodin" a katinsa, rubutun zai bi shi shekara da shekaru, kuma ranar da ya yi hatsarin mota ko aka yi zargin jini ya daskare masa a huhu, ana iya jinkirta hoton da zai ceci ransa saboda maganar da ba ta da tushe.

Wa ake yi wa gwajin fata?

A da, a ƙasashe da dama, akan fara sa wa kowa ɗan kaɗan na ruwan a fata ko a jijiya don a ga yadda zai karɓe shi. An gano cewa wannan ba ya nuna wanda zai sami matsala: wasu sun tsallake gwajin lafiya sannan cikakkiyar allura ta kayar da su, wasu kuma gwajin ya tsoratar da su a banza aka hana su hoto. Saboda haka ƙungiyoyin likitocin hoto da na alaji ba su ba da shawarar gwada wanda bai taɓa samun matsala da ruwan ba. Idan ma'aikacin asibiti ya ce ba sai an gwada Baba ba tunda wannan ne karonsa na farko, ba sakaci ya yi ba.

Gwajin fata na wanda ruwan ya riga ya tayar wa da bori ne, musamman idan abin ya yi ƙarfi, kuma ana sa ran zai sake bukatar hoto, kamar masu ciwon daji da masu ciwon zuciya da ake bibiyar lafiyarsu. Tambayoyi biyu ake son gwajin ya amsa: shin wannan ruwan ne ya jawo abin, kuma wane iri ne daga cikin sauran jiki zai karɓa?

Lokaci yana da muhimmanci. Wani bincike da asibitocin Turai da dama suka haɗu suka yi a kan majiyyata 220, aka buga shi a 2009, ya nuna cewa idan aka yi gwajin tsakanin wata 2 zuwa wata 6 bayan aukuwar abin, kusan rabinsu fatarsu takan nuna alama, idan kuwa aka daɗe fiye da haka sai adadin ya ragu sosai. Ke nan wanda ya bari sai bayan shekara uku, ranar da aka sake rubuta masa hoto, sannan ya fara neman gwaji, ya yi abin da Hausawa ke cewa fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake yin sa

Aikin ƙwararren likitan alaji ne ko likitan fata, a wurin da ke da kayan ceton gaggawa, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Likitan da ya rubuta hoton shi ne zai ba da takardar turawa. Kafin ranar, akan umarci majiyyaci ya daina shan magungunan ƙaiƙayi da mura irin su Piriton da setirizin na wasu kwanaki, domin suna danne alamar da ake nema. Wajibi ne a gaya wa likita duk abin da ake sha, har da jiƙo da maganin gargajiya, kuma kada a daina maganin hawan jini ko na asma sai da izininsa.

Mataki na farko, akan ɗiga ruwan da ake zargi tare da wasu ire-irensa a cikin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, kowanne da lambarsa, sai a ɗan tsira fatar ta cikin ɗigon da bakin ƙaramar allura, ba tare da jini ya fito ba. Akan ƙara ɗigo biyu na awo: ɗaya na ruwan gishiri wanda bai kamata ya kumbura ba, ɗaya na sinadarin histamin wanda dole ya kumbura. Bayan minti 15 zuwa 20 sai a duba. Kumburin da ya ɗara na ruwan gishiri da milimita 3 ko fiye shi ake ɗauka alama. A baƙar fata irin tamu jan da ke zagaye kumburin ba ya fita sosai, don haka likita yakan dogara da tudun kumburin, ya shafa shi da yatsa ya auna shi da ma'auni a wuri mai haske.

Idan babu alama sai a je mataki na biyu: a sirka ruwan, kashi 1 cikin 10, a yi allurar ɗan mitsitsi a cikin fatar kanta, a sake jiran minti 20. Ga wanda borinsa mai jinkiri ne, akan duba wurin allurar bayan kwana ɗaya zuwa uku, a kuma manna masa filasta mai ɗauke da ruwan a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa washegari ko bayan haka. A waɗannan kwanaki ba a so filastar ta jiƙe, saboda haka a kula wajen wanka, a kuma rage aikin da ke kawo gumi.

Abin da sakamako ke nufi

Idan fata ta nuna alama ga wani ruwa, an sami mai laifi, kuma za a guje masa har abada. Sau da yawa takan nuna alama ga wasu ma da ba a taɓa sa wa mutumin ba, domin wasu ruwayen 'yan gida ɗaya ne a ƙirarsu. Likita zai zaɓi wanda fata ba ta ce komai a kansa ba, wani lokaci ma ya gwada shi ta jijiya kaɗan-kaɗan a asibiti kafin ranar hoto.

Idan kuwa fata ba ta nuna komai ba, wannan albishir ne amma ba tabbaci ba ne ɗari bisa ɗari, domin ba kowane bori ne ke bin hanyar da fata za ta iya nunawa ba. Za a ci gaba da taka-tsantsan. Shekaru da yawa al'adar asibitoci ita ce a ba irin wannan majiyyaci ƙwayoyin sitiroid da maganin ƙaiƙayi sa'o'i kafin hoto, amma an ga cewa borin yakan keta ta cikinsu. A 2025 ƙungiyar likitocin hoto da ta likitocin alaji na Amurka suka fitar da matsaya ɗaya: ga wanda borinsa mai sauƙi ne, abin da ya fi shi ne a sauya ruwan, ga wanda nasa ya yi tsanani, a fara neman wata hanyar hoto, idan babu sai a sauya ruwan, a haɗa da magungunan, a kuma yi hoton a asibitin da ke da shirin ceto. Kada kowa ya sayi waɗannan ƙwayoyi a kemis ya sha da kansa da sunan riga-kafi.

Aikin da ke kan iyali

Sauya ruwa ba zai yiwu ba sai an san wanda aka sa da farko. Nan ne gidajenmu ke da rawar da babu mai taka musu ita. Bayanan wani asibiti ba lallai ne su bi mutum zuwa wani ba, ga shi mu jama'ar zango matafiya ne: yau Kumasi, gobe Tamale ko Yamai ko Kano. Takardar da ke aljihu ita ce ke tafiya tare da mai ita.

Saboda haka, duk ranar da wani naku ya sami matsala bayan hoto, ku roƙi ma'aikacin cikin ladabi ya rubuta muku abu huɗu: sunan ruwan kamar yadda yake a jikin kwalba, misali Omnipaque ko Ultravist ko Visipaque, kwanan wata, abin da ya faru da kuma minti ko awa nawa bayan allurar, da maganin da aka bayar. Idan ƙuraje ne suka fito a gida, a ɗauki hotonsu da waya da rana, a koma a nuna. A ajiye takardar tare da katin inshorar lafiya, a kuma ba wani babba a gidan kwafinta. Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana tana karɓar rahoton illar magani daga ma'aikata da majiyyata, kuma kai rahoto taimako ne ga na baya.

Tsofaffinmu da yawa Hausa kawai suke ji sosai, ma'aikata kuma da Turanci ko Twi suke tambaya. Ɗan da ya raka Hajiya kada ya amsa mata da "babu komai" don a yi sauri. Ya juya ya tambaye ta: "Hajiya, an taɓa yi miki allura a hannu kafin a shigar da ke na'urar hoto? Me kika ji bayan nan?" Sannan ya faɗi amsarta yadda ta faɗa, ba ragi ba ƙari. A kuma ambaci asma idan akwai, domin tana ƙara hatsarin borin. A ambaci ciwon ƙoda da ciwon sukari da shan metfomin, domin ta ƙoda ruwan ke fita, kuma akan so a auna lafiyarta kafin allura. Wannan awon jini ne dabam, ba shi da alaƙa da gwajin fata. Mai ciki ko mai tsammanin ciki ta faɗa tun kafin a fara.

Idan ranar hoton ta faɗo a watan azumi, a sanar da likita, domin akan so majiyyaci ya sha ruwa sosai kafin hoto da bayansa, musamman mai raunin ƙoda. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi. Amma ruwan da ake sha ta baki hukuncinsa dabam ne, sai a tuntuɓi malami, a kuma tambayi asibiti ko za a iya daidaita lokacin.

Idan kuwa an dawo gida sai numfashi ya fara sarƙewa ko fuska ta kumbura, ba lokacin jiƙo ko manja ba ne. A kira lamba 112 ko a garzaya asibiti mafi kusa, a kuma gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa yau an yi allurar ruwan hoto.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba a ganin laifinsa. Amma wanda ruwan haska hoto ya taɓa wahalarwa yana da hanyar da ta fi gudu: ya san sunan ruwan, ya nemi gwaji cikin watanni shida, ya riƙe takardarsa. Wanda bai taɓa samun matsala ba kuma ya je a yi masa hotonsa, domin cutar da ake nema a gani ta fi ruwan hatsari nesa ba kusa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.